Sa'a ko Gwaninta? Nazarin Wasannin Dabara na Gasa a Darki, Daga Gurbin Dara Zuwa Fuskar Waya

Tsakure

Wannan maƙala ta duba gardamar da ke tashi a duk inda matasa suka taru suna buga wasan dabara, wato ko wanda ya ci gwani ne ko kuwa sa'a ce ta taimake shi. An ɗauki Darki da ke ƙaramar hukumar Wudil a matsayin farfajiyar nazari, inda dara da lido da wasannin waya suke zaune tare a unguwa ɗaya. Maƙalar ta rarrabe abubuwa huɗu da 'yan wasa ke haɗawa a ƙarƙashin sunan sa'a, sannan ta nuna da lissafi cewa rabon sa'a a sakamakon gasa ya dogara ƙwarai a kan yadda aka tsara gasar.

Gabatarwa



Darki gari ne na kasuwa, kuma ba shi da nisa da Wudil inda Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote take. Garin da ke da kasuwa da ɗalibai a kusa ba ya rasa sabon abu. Dattawa suna nan da dararsu a gindin bishiya bayan la'asar, samari suna gidan gem suna buga ƙwallo a PlayStation, wasu kuma sun duƙufa a kan waya suna Free Fire ko PUBG Mobile ko Clash Royale. Kayan wasan sun bambanta, amma maganar da ake yi bayan an tashi ɗaya ce. Wanda ya ci ya ce iyawa ce. Wanda aka ci ya ce sa'a ce, ko ya ce netwok ne ya cuce shi.

Da farko ya kamata a kawar da wani ruɗani. Musulmi ya yi imani cewa babu abin da ke faruwa sai da ƙaddarar Allah, cin gwani da faɗuwarsa duk a ciki. Wannan ba shi ne abin da ake tattaunawa a nan ba. Abin da nake nufi da sa'a shi ne duk wani abu da ya shafi sakamakon wasa alhali ɗan wasa ba shi da iko a kansa kuma ba ya fifita ɓangare ɗaya kullum, gwaninta kuwa ita ce abin da zai iya koya ya ƙara kyautatawa.

Abin da masana suka riga suka shimfiɗa

A shekarar 1958 Bafaranshe Roger Caillois ya kasa wasannin ɗan Adam gida huɗu, biyu daga ciki su ne wasan takara da wasan dace. Shekara guda bayan haka, a 1959, John Roberts da Malcolm Arth da Robert Bush suka kawo rabo uku: wasan ƙarfin jiki, wasan dabara, da wasan sa'a. Idan aka ɗora wannan a kan wasanninmu, dambe da kokawa da langa sun faɗa gida na farko, dara ta faɗa na biyu, caca ta faɗa na uku.

Wannan rabo yana da amfani, sai dai ya jawo wani kuskure da ya zama ruwan dare. Mutane sun ɗauka sa'a da gwaninta kamar sikeli ne, in ɗaya ta hau dole ɗaya ta sauka. George Elias da Richard Garfield da Robert Gutschera, a littafinsu Characteristics of Games na 2012, sun nuna ba haka ba ne. Akwai wasan da ke da sa'a mai yawa da gwaninta mai yawa a lokaci guda, akwai kuma wanda ba shi da ko ɗaya. Shi kuma Michael Mauboussin, a littafinsa The Success Equation na wannan shekarar, ya yi amfani da wani gwaji mai sauƙi: shin za ka iya faɗuwa da gangan? In za ka iya, to akwai gwaninta a wasan. Mai dara zai iya ba da kansa a ci shi cikin minti biyu. Mai jefa kwabo sama ba zai iya ba.

Dara: wasan da babu ɓoye-ɓoye

Dara ita ce ma'aunin da ya fi dacewa mu fara da shi, domin ita ce tamu. A tsarin da aka fi sani, ana haƙa gurabe 30 a ƙasa, layi biyar-biyar sau shida, kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 12, wani ya ɗauki tsakuwa wani ya ɗauki guntayen kara. Ana fara da zuba 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a yarda a jera uku a lokacin zubi ba. In an gama, gurabe 6 ne kawai suka rage babu kowa. Daga nan sai tafiya, gurbi ɗaya gaba ko baya ko gefe. Wanda ya jera uku a layi ya ci ɗa ɗaya na abokin karawarsa. Ƙa'idoji kan ɗan sauya daga gari zuwa gari, amma ginshiƙin ɗaya ne.

A nan babu jifa, babu katin da aka kife, babu abin da ɗaya ya gani ɗaya bai gani ba. Tun 1913 Ernst Zermelo ya tabbatar a kan wasan ces, wato shaɗaranji, cewa irin wannan wasa yana da tabbataccen sakamako in duka ɓangarorin biyu ba su yi kuskure ba: ko dai ɗaya yana da hanyar ci wadda ba za a iya tarewa ba, ko kuma a tashi canjaras. Kwamfuta ta riga ta warware wasu dangin dara ta wannan hanya. A 2002 John Romein da Henri Bal suka warware wasan awari a Amsterdam, a 2007 kuma Jonathan Schaeffer da abokan aikinsa a Kanada suka warware diraf mai gida takwas-takwas. Duka biyun canjaras suke ƙarewa in an buga su ba kuskure.

To me ya sa har a dara ake jin mutum ya ce an yi sa'arsa? Dalilin shi ne ƙwaƙwalwar mutum ba ta kai ƙarshen lissafin. Mai zuba ɗa na bakwai yana hango tafiya uku ko huɗu a gaba, bayan nan duhu ne. Sai ya zaɓi gurbi a kan wani dalili, can gaba gurbin ya yi masa amfani a kan wani dalilin daban da bai taɓa tunani ba. Wannan dace ne na gaskiya, amma ba daga cikin wasan ya fito ba, daga iyakar hangen ɗan wasa ya fito. Shi ya sa yake raguwa gwargwadon yadda mutum ya ƙware. Wannan shi ne kashi na farko na abin da ake kira sa'a.

Jifa: sa'ar da aka gina cikin wasa

Kashi na biyu shi ne wanda mai tsara wasa ya dasa da hannunsa. Misali mafi kusa shi ne lido. Da dayis biyu, damar samun aƙalla shida guda a jifa ɗaya ita ce 11 cikin 36, kimanin kashi 31 cikin 100. Damar mutum ya yi jifa biyar a jere bai ga shida ba ta kai kashi 16 cikin 100. Wato a cikin kowane mutum shida, kusan ɗaya zai zauna a gida yana kallo ana zagaye allo ba tare da laifinsa ba. Haka rabon kati yake a wot.

Wasannin waya sun gaji wannan. A PUBG Mobile da Free Fire, hanyar da jirgi zai bi, da makamin da za ka tarar a gidan da ka fara shiga, da inda da'irar fili za ta tsuke, duk na'ura ce ke zaɓa. A Clash Royale, wanda kamfanin Supercell na ƙasar Finlan ya fitar a 2016, ɗan wasa ne ke zaɓar katunansa takwas, amma ba shi ke zaɓar huɗun da zai fara da su a hannu ba.

Akwai bambanci a nan da ya cancanci a tsaya a kansa, domin a ganina shi ne ya raba wasan da ke koyar da tunani da wanda ke cinye lokaci kawai. Wata sa'ar tana zuwa kafin ka yanke shawara, wata tana zuwa bayan ka yanke. In da'ira ta tsuke nesa da kai, an ba ka matsala ne, kuma yadda za ka fita daga cikinta aikin basirarka ne: ka nemi mota, ka bi gefe, ka lissafa lokaci. Irin wannan sa'a tana ƙara wa gwaninta fili, domin tana hana haddace hanya ɗaya. Amma in ka gama shirinka tsaf, ka kai hari, sannan na'ura ta jefa ƙuri'a a kan ko bugunka zai yi tasiri, to an ƙwace maka sakamakon bayan ka gama aikinka. Wannan ta biyun ce ke sa 'yan wasa jifa da waya.

Kamfanonin sun san da wannan. A wasan Dota 2, bugun da aka rubuta yana da damar kashi 25 cikin 100, a yawancin lokuta ba haka ake jefa shi kai tsaye ba. Ana fara shi daga kimanin kashi 8.5, in bai faɗo ba a ƙara, in ya faɗo a koma farko. A ƙarshe matsakaicin yana nan a 25, amma da wuya ya zo sau huɗu a jere, da wuya kuma ya ɓace na dogon lokaci. A 2016 kamfanin Blizzard ya rage ƙarfin wani kati mai suna Yogg-Saron a wasan Hearthstone, bayan ƙorafin cewa yana juya sakamakon manyan gasanni ta hanyar dace tsantsa. Wato yawan sa'ar da ke cikin wasa abu ne da ake aunawa, a ƙara ko a rage.

Ɓoyayyen labari

Kashi na uku shi ne wanda aka fi yi wa mummunar fahimta. A StarCraft, wanda ya fito a 1998 kuma ya zama sana'a a Koriya ta Kudu, ba ka ganin abin da abokin gaba yake yi sai ka aika ɗan leƙen asiri. Zai iya tara dukiya a hankali, zai iya kuma kawo farmaki da wuri. In ka shirya wa ɗaya ya zo da ɗaya, ka shiga uku. Mai kallo zai ce canki-canka ne.

Amma John von Neumann ya nuna tun 1928 cewa irin wannan yanayi yana da nasa lissafin. Mafita ita ce ka riƙa cakuɗa dabarunka ta yadda ba za a karance ka ba. Misalin da kowane yaro a gidan gem ya sani shi ne bugun fenariti. A bugu ɗaya, ko mai tsaron gida ya faɗi dama ko hagu, dace ne. Amma wanda kullum yake buga wa kusurwa ɗaya, abokansa za su gane shi cikin mako guda. Ignacio Palacios-Huerta ya nazarci fenariti 1,417 na ƙwararrun 'yan ƙwallo, ya wallafa sakamakon a 2003, inda ya samu cewa suna cakuɗa ɓangarorin bugunsu kusan daidai da yadda lissafin ya tanada. Saboda haka abin da ya yi kama da sa'a a bugu ɗaya, gwaninta ce in an tara bugu ɗari. Hujja mai ƙarfi ta zo a 2019, lokacin da manhajar AlphaStar ta kai matakin ƙoli a StarCraft II, manhajar OpenAI Five kuma ta doke ƙungiyar OG, zakarun duniya na lokacin a Dota 2. Da a ce canki-canka ne zalla, da babu abin da na'ura za ta koya har ta riƙa ci a kai a kai.

Abin da ake kira sa'a alhali ba ita ba ce

Kashi na huɗu shi ne ya fi damun ɗan wasan Darki, kuma littattafan da aka rubuta a Turai da Amurka ba su cika kula da shi ba. Wasannin intanet suna gudana ne a kan saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da wasan, kuma yawancin waɗanda 'yan wasanmu ke haɗuwa da su suna Turai ko Gabas ta Tsakiya ko Afirka ta Kudu. Haske yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa cikin wayar gilashi. Saƙon da ya tashi daga waya a Darki sai ya bi turken sadarwa, ya gangara Legas, ya shiga wayar ƙarƙashin teku, ya isa Turai, sannan ya dawo. Wanda ke zaune kusa da sabar ya riga ya harba kafin namu ya ga an ɗaga bindiga. A ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, kowa ya ɗanɗana yadda wannan igiya take da rauni. Ƙara da ƙaramar waya mai zafi da sanƙarewa, da cajin da ke ƙarewa, da datar da ke yankewa ana tsakiyar wasa.

Wannan ba sa'a ba ce, domin sa'a ba ta da ɓangare: yau ta ba ka, gobe ta ba wani. Jinkirin netwok kuwa kullum mutum ɗaya yake cuta. Rashin daidaito ne, kuma kiransa sa'a yana rufe matsalar. Haka batun kuɗi. A wasannin da ake sayen kati ko 'yan wasa, mai kuɗi yana shiga fili da rundunar da ta fi ta talaka tun kafin a busa usur.

A nan ne kuma wasa ke gogar caca. Akwatunan da ake saya da kuɗi ba tare da sanin abin da ke ciki ba, hukumar caca ta Beljiyam ta yanke a 2018 cewa caca ne. Mu a nan muna da tsohuwar mahawara a kan wannan. Alƙur'ani ya haramta caca a Suratul Ma'ida, aya ta 90. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta hana wasan nardu da shaɗaranji duka, yayin da malaman Shafi'iyya suka bambanta su, suna cewa nardu ya dogara da jifa, shaɗaranji kuwa da tunani. Hukunci na malamai ne, ba na wannan maƙala ba. Abin lura shi ne tambayar da muke yi yau ita ce malaman fiƙihu suka yi ƙarnuka da suka wuce. A Oktoban 2024 Hukumar Hisbah ta rufe shagunan cacar ƙwallo a Kano, a Nuwamban shekarar kuma Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara harkar caca hurumin jihohi ne. Duk wanda zai shirya gasar gem a jihar nan yana bukatar ya iya nuna cewa abin da yake yi takara ce ta iyawa, kuma hanyar nunawa tana cikin tsarin gasar.

Tsarin gasa ne ke yanke rabon sa'a

Mu ɗauki 'yan wasa biyu, ɗaya yana cin ɗaya sau 60 cikin 100. In wasa ɗaya za su buga, wanda bai kai ba zai yi nasara sau 40 cikin 100. In aka ce sai wanda ya fara cin biyu cikin uku, damar gwanin ta hau zuwa kashi 65. Uku cikin biyar, kashi 68. Huɗu cikin bakwai, kashi 71. 'Yan wasan ba su canza ba, wasan bai canza ba, amma rabon sa'a yana ta raguwa.

Yanzu mu duba yadda aka saba shirya gasa a unguwanni: sili ɗaya ƙwale, wasa ɗaya, wanda aka ci ya tafi gida. In mutum 32 suka shiga, zagaye biyar ne. Gwanin da ke cin kowa sau 70 cikin 100, damarsa ta ɗaukar kofi ba ta kai kashi 17 ba. Ko wanda ke ci sau 80 cikin 100, damarsa kashi 33 ce kawai. Ma'ana, a irin wannan gasa, mafi yawan lokuta ba wanda ya fi kowa iyawa ne ke ɗaukar kofi ba. Masu kallon ƙwallon Ingila sun ga haka a 2013, lokacin da Wigan ta doke Manchester City da ci ɗaya da nema ta ɗauki kofin FA, sannan ta faɗi daga gasar Firimiya a wannan kakar. Kofin ya nuna abin da ya faru a yini ɗaya, teburin lig ya nuna abin da ya faru a wasa 38. Ɗan kasuwar hatsi a Darki ya san wannan: ba a gane iya kasuwancin mutum da cinikin ranar kasuwa ɗaya, sai an ga yadda ya fita daga kaka zuwa bazara.

Akwai wani abu kuma da Mauboussin ya jaddada. Yayin da 'yan wasa suka ƙara ƙwarewa gaba ɗaya, tazarar da ke tsakaninsu tana tsukewa, sai ɗan abin da ya rage na sa'a ya zama shi ke raba su. Don haka wasan ƙarshe, inda gwanaye biyu suka haɗu, shi ya fi bukatar a tsawaita shi, ba zagayen farko ba.

Dattawan dara sun daɗe da gane wannan ba tare da alƙalami ba. Ba a kiran mutum gwanin dara don ya ci wasa ɗaya. Sunan yana zuwa ne bayan an shekara ana zama da shi a gurbi ɗaya, kowa ya gwada shi ya ji a jikinsa. Abin da ya rage shi ne a mayar da wannan shaida ta jama'a rubutacciya, kuma hanyar tana nan. Arpad Elo ya ƙirƙiro tsarin maki wanda hukumar ces ta Amurka ta karɓa a 1960, ta duniya kuma a 1970, kuma yawancin wasannin intanet suna amfani da danginsa wajen haɗa abokan karawa. Kowa yana farawa da maki ɗaya, a ce 1,200. In aka ɗauki 32 a matsayin iyakar makin da wasa ɗaya zai iya bayarwa, mutum biyu masu maki daidai in suka kara, wanda ya ci ya samu 16, wanda aka ci ya rasa 16. In tazararsu maki 200 ce, ana sa ran na sama ya ci sau 76 cikin 100, don haka in ya ci maki 8 kawai zai samu, in kuwa na ƙasa ya kayar da shi, shi zai kwashi 24.

Wannan ba ya bukatar komai sai littafin rubutu da mutum ɗaya amintacce. Mai gidan gem a Darki da ke da 'yan wasa takwas na kullum zai iya shirya lig na gida da waje: wasa 56 gaba ɗaya, kowa ya buga 14, maimakon wasa 7 na sili ɗaya ƙwale inda rabin mutane ke tafiya gida bayan wasan farko. In mutane sun yi yawa, akwai tsarin Suwis da aka fara amfani da shi a Zurik a 1895, inda ba a fitar da kowa, ana dai haɗa masu maki iri ɗaya a kowane zagaye. Mutum 32 za su buga zagaye biyar, wasa 80. A buga a na'ura ɗaya ko a waya iri ɗaya, da ƙungiyoyin da ƙarfinsu ya yi daidai, a kuma yi musayar wuri da abin riƙewa bayan kowane wasa, domin a toshe kashi na huɗu. Littafin nan guda zai iya ɗaukar shafin dara a gefen shafin gem, kuma ɗaliban lissafi da na kimiyyar kwamfuta a Wudil za su samu a cikinsa alƙaluman da za su auna da su ko mai fara zubi a dara yana da rinjaye, da kuma yawan wasannin da ake bukata kafin a ce wane ya fi wane.